Fuskar Mai Ƙaho

Yayana ya hana ni fuskar ubana, kuma ban yafe ba. Na faɗa masa a gabansa, na faɗa a gaban iyalinsa, yanzu kuma ga shi ina rubutawa da hannuna, tunda Allah ya nufa na iya riƙe biro bayan furfura ta fara fito mini. Ko sadakar arba'in ba a yi ba da rasuwar Baba, Yaya ya fito da ƙunshin hotuna daga ɗakin Inna, ya ajiye a tsakar gida, ya ƙyasta ashana. Ina tsaye jikin turmi ina kallo. Na saman ne kawai na gani ta inda tsumman ya buɗe: mutum da ƙaho a baki, kumatu a kumbure, wuta tana naɗe shi daga gefe. Ƙahon kansa kuwa, na tagulla, wanda Baba yake busawa, Yaya ya kai wa maƙeran fari aka narkar aka yi mundaye. Wataƙila akwai matar da ta yi rawar biki da ƙahon ubana a hannunta ba ta sani ba.

Ina ƙarama lokacin, ko tulun manya ban fara ɗauka ba. Shi ya sa abin da ya rage mini na Baba guntu-guntu ne. Na san yatsunsa, gajeru masu kauri, baƙin mai ba ya fita daga ƙarƙashin farcen. Na san warin rigarsa ta aiki, gyaɗa da hayaƙin jirgi. Na san kumatunsa idan yana busa. Amma fuskarsa idan ya sauke ƙaho, wadda yake kallona da ita, ta ɓace mini. In na rufe ido na nema, sai in ga hula a sama, wuya a ƙasa, tsakiya babu komai. Wanda bai rasa fuskar iyayensa ba ba zai gane ba, ni kuma ba roƙonsa nake ya gane ba.

Mu mutanen Ɗan Isa ne, manoman gero da dawa tun kakanni. Baba ne ya fara ajiye fartanya ya shigo Kaura, a zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa ya juya a nan, don daga kanmu layin dogo ya ƙare. Ya fara da dakon buhunan gyaɗa, daga baya aka ɗauke shi cikin masu gyaran taragu. A nan ya haɗu da mutanen da jirgi ya kawo daga nesa, wasu daga kudu, wasu ma daga wata ƙasa, kuma su ne suka sa masa ƙaho a hannu. Ranar Asabar bayan la'asar sukan taru a wani fili da aka kewaye da darni a bayan gidajen ma'aikata, su yi ta kiɗa sai kiran magariba ya tashe su. Akwai mai wani ƙaho lanƙwasasshe kamar ludayi, akwai mai jita, akwai wani dogon mutumin Zurmi da ganguna jere a gabansa da fayafayan ƙarfe da yake kwaɗawa su yi ta tsuwwa. Wannan kiɗan suna ce masa jaz.

Kakarmu, uwar Baba, ba ta taɓa kiran sa da sunansa ba. In ta zo mana bayan girbi da ɗan wake da kuɓewa busasshiya, ba ta gama shan ruwa za ta fara.

"Kai dai ka bar gonar ubanka ka zo kana badujala awa ɗan doka."

"Iya, ba badujala ba ce. Badujala tafiya akai da ita, hagu, dama. Wanga zance ne mukai. Ni in faɗi tawa, mai ganga shi ba ni amsa."

"To ku yi zancen da baki mana, awa mutane."

Haka za ta yi ta mita, wai a danginmu babu makaɗi babu mabushi. Amma na lura ba ta taɓa komawa ƙauye ranar Asabar ba. Kullum sai Lahadi.

Aikina a gidan shi ne goge ƙaho, kuma ban yarda kowa ya taɓa ba. Asabar da hantsi Baba zai raba lemon tsami biyu, in dangwala a toka mai laushi daga murhun Inna, in bi jikin tagullar ina murzawa har yatsuna su yi yaushi. Daga nan in wanke, in goge da tsohon ɗankwali. Shi kuma ya saci man keken ɗinkin Inna ya ɗiga a maɓallan, ita ko ta yi kamar ba ta gani ba. In ƙahon ya yi ƙyalli sai in leƙa bakinsa mai faɗi in ga kaina, hanci kamar tulu, ido can gefe, in yi ta dariya. Baba yakan leƙo ta bayana, shi ma tagullar ta ja masa fuska ta lanƙwasa. Kun ga ko a nan ba fuskarsa ta gaskiya na riƙe ba. Har yau in na yanka lemon tsami kusa da murhu, sai na tsaya da wuƙa a hannu.

Mata ba sa shiga filin, yara ma ba sa shiga, amma darni ba ya tare sauti. Da damina abin ya fi daɗi. Ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi sun fara nasu a kududdufin bayan tasha, sai ka ji mai ganga ya fara a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya. Can sai duk su ja baya su bar wa Baba fili. Wallahi in ya ɗauka, sai ka ce mutum ne ke ba da labarin abin da ya same shi a hanya: ya yi ƙasa-ƙasa, ya tsaya kamar ya manta, ya yi dariya, sannan ya haura sama har tsigar jikinka ta tashi. Kuma abin da ya busa wannan Asabar ba shi zai busa ta gaba ba, ko da waƙar ɗaya ce. Matan unguwa da ke dakan tuwon dare, taɓarensu kan bi gangar ba su sani ba. Ni ina manne da darni, ido a wata 'yar kafa, ina gaya wa duk yarinyar da ta matso cewa wancan ubana ne, kuma ni na goge ƙahon.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, bai daɗe a kwance ba. Bayan nan wuta, bayan wuta shiru. Inna mace ce mai kawaici, ko sunansa ba ta faɗa yana raye, balle bayan ransa. Yaya ya zama uban gida, ya kama harkar hatsi, Allah ya buɗa masa, ya je Makka ya dawo. Jirgi ya rage zuwa har ya daina, 'yan kiɗan suka watse. Ni na yi aure, na haifi nawa, na yi shekaru ina toya waina a bakin tashar mota. Maganar jaz ta mutu a gidanmu kamar ba a taɓa yi ba.

Sai da autana ya gama sakandare na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Mata sa'annina suna cewa me za ki yi da boko yanzu, na ce abin da kuka yi da rashinsa. Ban san amfanin da zai fara yi mini ba sai wata ranar kasuwa da na bi ta wajen 'yan gwangwan ina neman murfin tukunya. Cikin tarkace na hango wani kwalin faifan garmaho, ruwa ya taɓa gefensa. A jiki ga baƙin mutum da kwat, ƙaho a baki, kumatu kamar ya cusa ƙwai biyu. Na tsaya na duƙa. Na ɗauka na kakkaɓe, na bi rubutun da yatsa ina haɗawa kamar yadda malamarmu ta koya mana, sai ga kalmar nan da Baba yake faɗa ta fito daga bakina, a tsakiyar kasuwa. Ba Baba ba ne, wani ne na Amurka, irin waɗanda yake ajiye hotunansu yana cewa iyayen gidansa ne a busa duk da ba su san shi ba. Amma na rungume kwalin nan har gida, murfin tukunya kuwa ban saya ba.

Daga ranar na kamu. Ashe kayan nan ba su ƙare ba, suna nan warwatse cikin gari, kowanne ya sami sabon aiki. Na sami bakin wani ƙaho wajen wani tsohon mai shayi, ya mai da shi mazurarin zuba kananzir a fitila, sai da na jiƙa shi cikin ruwan toka kafin warin ya fita. Na sami fayafayan garmaho a gidan wani tsohon direban jirgi, jikokinsa suna wurga su sama suna wasa, na ƙwace na yi musu faɗan da har yanzu in sun hango ni sai su canza hanya. Wani dattijo a Katuru yana da jar kwat mai maɓallan tagulla, ta 'yan kiɗan ce, da ita yake fita gona lokacin sanyi. Na ɗinka masa riga mai kauri muka yi musanya, yana ta mamakin wautata. Hotunan 'yan Amurka kuwa na tara su da dama, masu ƙaho, masu ganga, da wata mace mai fure a gashi ta rufe ido tana waƙa. Na share ɗaki guda a gidana na jera su. 'Ya'yana suka ce Mama ta buɗe gidan tarihi, surukata ta ce ɗakin aljanu. Ni dai duk wanda ya shigo sai na zaunar da shi ya ji tarihin kowane abu, ko yana so ko ba ya so.

Amma a duk ɗakin babu ko hoto ɗaya na mutanenmu na Kaura. Duk gidan da na tambaya amsar ɗaya ce: an ƙona, an yar, malamai sun hana. Ga fuskokin mutanen da ban haɗa komai da su ba sun cika mini bango, ga ta ubana babu.

A Shinkafi hanya ta buɗe. Na je gaisuwar rasuwa, ina zaune cikin mata sai na ga an rufe babbar tukunyar shinkafa da wani faifan ƙarfe mai rami a tsakiya. Na tashi cikin mutane na ɗaga shi, na ƙwanƙwasa da ludayi. Tsuwwar da ya yi sai da ta mayar da ni bakin darni. Matar gidan ta ce a wajen gwaggonta ta same shi, wata tsohuwa a Zurmi, mijinta ya yi kiɗa a Kaura tun zamanin jirgi.

"Tana da rai?"

"Tana nan. Ido ne ya yi rauni, amma bakin nan ko ke sai kin shirya."

'Ya'yana suka ce ba zan je ba, hanyar Zurmi ba ta da tabbas yanzu. Na ce su yi mini addu'a, wannan shi ne nasu. Na bi motar safe tare da 'yan kasuwa, kowa bakinsa na motsi da addu'a har muka shiga gari.

Na same ta a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙarama kamar a sa a aljihu. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗiyar wa?"

"Ɗiyar mai ƙaho ta tashar Kaura, Gwaggo."

Ta ajiye gyaɗar. "Matso in ji." Ta kama kumatuna da hannu biyu ta matsa kamar mai duba mangwaro. "Ƙwarai kuwa. Ke ce mai majinar nan da ke liƙe ga darni? To ai kin tsufa."

"Ke ma ba ki ƙara yarinta ba, Gwaggo."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Na ba ta goro da turare, na gaya mata abin da ke tafe da ni.

"Hoto? Ai an hana. Malamai sun hana, ɗiyanmu sun hana. Wa ke ajiye hoto yanzu?" Tana faɗa bakinta yana rawa kamar mai ɓoye alewa. "Shiga ɗaki ki sauko min da wancan na bisa gado."

Firam ne na baƙin katako da gilashi, a ciki hoton Ka'aba irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba. Na kawo mata ina tunanin tsufa ne.

"Ni mi zan gani? Juya shi. Ɗaga ƙusoshin a hankali, kar ki karya min."

Na ɗaga ƙusoshin da wuƙar ɓarar goro, na zare kwalin baya. Sai ga dogon mutumin nan zaune bayan gangunansa, sanduna a hannu, hula a karkace, yana kallona. Na yi zaman dirshan a ƙasa. Ban san lokacin da na fara buga cinyata ina cewa shi ne, wallahi shi ne, kamar wani ya yi mini musu.

"Yi a hankali, jikokina na jin ki," in ji ta. "Kullum da safe nika gaishe shi, su ko sun ɗauka Makka nika kallo. Ina kallon Makka ɗin ma, ba ƙarya."

Ta ce lokacin da samari suka tashi da ƙone-ƙonen hotuna, wasu don wa'azi, wasu don kunyar a ce ubansu makaɗi ne, matan 'yan kiɗan ba su yi gardama da kowa ba. Sai su sami hoton Ka'aba, su yanke shi daidai firam, su sa a gaba, miji a baya. Babu ɗan da zai sa wa Ka'aba wuta, babu wanda zai yar da ita a bola, kuma ko gado aka zo rabo da hannu biyu za a ɗauka.

"Gwaggo, wa ya yi wannan dabara?"

"Au, ba ki sani ba? Uwarki tak koya muna. Ta zo bikin suna nan Zurmi, ta tara mu bayan ɗaki. Ita ta fara yi, tun ba a share makoki ba, don ta ga take-taken ɗanta. Babban hoton da anka ɗauke su duka a tasha, ai gare ta yake."

"To me Yaya ya ƙona? A gabana aka yi."

"Baƙaƙen Amurka ya ƙona. Ta ɗaure mashi su cikin tsumma ta miƙa, shi ko bai kwance ba. Ina zai iya kallon ubanshi shi sa mashi wuta? Kau da kai ya yi."

Nan take na ga ɗakin Inna a idona. Firam mai ruwan ƙasa a saman gadonta, da yadda takan zauna bayan ta idar da salla fuskarta na wajen, shiru, mu ce tana begen Makka. Da ta rasu aka raba kayan ɗaki, mu mata muka ɗauki kwanoni da zannuwa, Yaya a matsayinsa na babba kuma Alhaji ya ɗauki hoton Ka'aba. Ya kafa shi a zaurensa, daidai saman kujerar da yake zama yana karɓar baƙi.

Dariyar da na yi a motar dawowa, sai da wata mata ta matsa gefe ta fara yi mini tofi.

Ban biya gidana ba. Na sami Yaya a zaure bayan la'asar, ya miƙe ƙafa, rediyo a gefe, carbi a hannu.

"Auta, lafiya kike haki awa wadda anka koro?"

"Lafiya lau. Tashi, Yaya."

"In tashi? A zaurena?"

"Kana zaune ƙarƙashin kayana."

Ya ɗaga kai ya dubi bango, ya dube ni. "Wanga gadona ne. Gaban liman anka raba, kina wurin, kin kwashi kwanoni har da na miya."

"Katako naka, gilashi naka, Ka'aba ta kowa da kowa. Abin da ke baya ba a raba ba."

Ban jira ya gane ba. Na ja benci na hau, da girmana da ciwon gwiwata, na sauko da shi. Yana ta cewa ke wai yaushe za ki yi hankali, amma bai tashi ya hana ni ba. Ƙusoshin sun yi tsatsa, na ɗauki makullin shagonsa da ke kan tabarma na ɗaga su. Bayan kwali akwai ƙyallen atamfa an shimfiɗa, na gane zanen, na Inna ne. Na ɗage shi.

Suna tsaye gaban tarago, dukansu da jajayen kwat ɗin nan da hoton ya mayar baƙaƙe. Mai ƙahon ludayi, mai jita, dogon na Zurmi ya fi kowa tsawo a baya. A tsakiya mutum ɗaya ne zaune a kan buhun gyaɗa, kuma ba busa yake ba. Ƙahon yana kan cinyarsa. Dariya yake, irin wadda mutum ke yi in abokinsa ya faɗi wata maganar banza daidai lokacin da mai hoto ya ce a tsaya. Yana da wushirya. Ban taɓa sanin Baba na da wushirya ba. Idonsa ƙanana, girarsa ta hagu ta fi ɗagawa, tsagen gidanmu ya fito raɗau a kumatu. Yaro ne. Wallahi ɗana na fari ya girme shi. Na yi ta kallo ina cika wurin nan da ke tsakanin hula da wuya, ina dariya hawaye na zuba, ina share su da sauri kar su ɗiga a kai.

Yaya ya kashe rediyo. Ya miƙo hannu, na ƙi ba shi, na dai matsa kusa muka kalla tare. Ya ƙura wa fuskar Baba ido. Girar hagun nan irin ta Yaya ce sak, kuma ya sani.

"Ashe Inna ta yi min wayo," in ji shi.

"Ta yi maka gata dai."

Ya ja carbi. "Ke ba ki san komai ba, kina yarinya. Baba na kwance ba lafiya na je neman aure, da kawunnanmu, da goro. Uban yarinyar ya bari sai da zaure ya cika, sannan ya ce su ba su ba ɗan maroƙi."

"Baba bai taɓa roƙon kowa ba. Albashinsa yake ci."

"Ni na sani. Su fa?"

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Tsoho ne yanzu, gemu fari fat, amma da ya faɗi maganar sai muryarsa ta koma ta saurayin da aka kunyata. Sai dai tausayi daban, hoto daban.

"To kin gani," ya ce. "Kalla ki ƙoshi, ki mayar inda Inna ta sa shi. In kin so gani ki zo, ba ni hana ki. Jikokina ba su san wanga zance ba, kuma ban ga amfanin su sani ba."

"Daga wutarka Inna ta ɓoye shi, ba daga jikokinsa ba. Ya gama zaman bayan kwali."

"Auta."

"Yaya."

Muka kalli juna. Ni na san ba zai yi kokawa da ni a zaure ba, shi ma ya san in ya gwada unguwa za ta taru. Na goge gilashin da bakin mayafina, na mayar da Ka'aba da kwalinta, na danne ƙusoshin, na hau benci na rataye masa abinsa daidai yadda yake. Na naɗe Baba cikin ƙyallen Inna. Har na kai ƙofa ya yi magana, bai ɗago kai ba.

"Ki riƙe shi ta gefe. Hannunki da maiƙo, mai waina."

Hanyar gidana ta bi ta tsohuwar tasha. Awaki ne ke kwance a kan layin dogo yanzu, filin da ake kiɗa an yi shaguna, masu cajin waya da masu sayar da fetur a kwalba. Samari na zaune kowa da kiɗa a kunne, wasu ma waƙar suke yi da kansu suna sawa a waya, iyayensu na alfahari, babu mai ce musu maroƙa. Jikata tana da hotunan fuskarta a waya fiye da gashin kanta, ta ɗauka ta goge, ta ɗauka ta goge. Mu kuwa guda ɗaya ne, sai da mace ta yi wa ɗan cikinta dabara kafin ya tsira. Ina tafe ina duban gidajen tsofaffin ma'aikata, ina tunanin ɗakuna nawa ne a Kaura da Shinkafi da Zurmi ke da Ka'aba a bango da mutum a bayanta yana jira. Duk zan bi su, in Allah ya ara mini kwana da gwiwa. Tsofaffin matan da suka san sirrin suna ƙarewa, masu gado kuma ba su san abin da suke ratayewa ba.

Washegari da safe ko wainar ban toya ba. Na tafi shagon mai hoto na bakin kasuwa, na same shi yana buɗe ƙofa. Na kwance ƙyallen a kan teburinsa na ce ya wanke mini, kowane gida na zuriyar mutumin nan ya sami nasa, har da gidan Alhaji.

"Wane girma, Hajiya?"

"Babba. Wanda ba ya ɓuya bayan komai."

Ya ɗaga hoton yana dubawa, ya ce aikin zai ɗauki lokaci, ga shi babu wuta, in bar shi in dawo gobe.

Na ja bencinsa na zauna.